Rago na Goma

Rago na tara ya faɗi. Saura ɗaya.

Ragunan ƙarfe ne masu tauri, jere can ƙarshen filin harbi. Shekara ashirin ni nake musu walda. Sai rago ya kife ake ƙirga shi.

Ni da bakina na ce wa saurayin 'yata, a gaban masu gasa nama, "Kayar da goma a jere ranar Lahadi, in sa muku albarka ku tafi birnin Monterrey ɗinku."

Jiya na lallaɓa na liƙe ƙafar na goman da sandar da yake tsaye a kai. Ɗigon walda biyu, na shafe da baƙin fenti. 'Ya ɗaya gare ni, kuma Monterrey da nisa.

"Baba, gumi kake yi," in ji ta.

"Barkono ne."

Yaron ya harba. Ragon ya yi tangaɗi, ya kife.

Ta miƙo mini ruwa. Farcenta duk ƙurar ƙarfe.

"Da safe na ga waldarka ta zarce, na goge maka. Kai ka koya mini ba a barin ƙazanta a aiki."