Koren Zanen Yaya Dudu

Tun da aka kawo na'urar rina tsofaffin hotuna, ba a barin kowa ya zaɓi launi da baki. Wanda ya ga ranar da idonsa ne zai ɗora tafin hannu a kanta, abin da ya tuna ya fito.

Haka aka kira Hajiya Lantana kan wani hoton layinsu na Fagge, ranar Sallah, shekara sittin baya. Ita da yayarta Dudu suna ciki. Za a buga shi babba a rataye a zauren baje koli. Lantana, wadda tsufa bai raba ta da halinta ba, ta ƙudurta yau dai sai ta fi Dudu haske.

Ta ɗora hannu. Koren zanen Dudu ya fito shar, har da zaren bakinsa. Ita Lantana kuwa tana gefe a hoton, toka-toka kamar inuwa.

"Malam, injinka ya lalace," ta ce wa ma'aikacin da ke kula da na'urar.

"Hajiya, abin da kika kalla ranar kaɗai yake rinawa."

Dudu, wadda ta rako ta, ta gyara tabarau, ta matso.

"Ke Lantana, wuni guda ba ki dubi naki ba? Ja ne fa. Ni shi na so Baba ya ba ni."