Kason Baba a Bashin Ƙasa

An ajiye akwatin gawar Baba a bakin kabari, cikin gonar ayabarmu, sai dattijon dangi ya yi tambayar da aka saba: "Akwai mai bin mamaci bashi? Ya faɗa kafin a zuba ƙasa."

Mama ce ta ɗaga hannu, ta juyo gare ni, ɗanta mai aiki a ofishin haraji.

"Kai, ɗan gwamnati, na ji a rediyo wai kowa na da kaso a bashin da kuka ciyo wa ƙasa. Shi ya sa kuka ƙara harajin sukari da kananzir, kuka rufe mana asibiti. To, na babanka shilin nawa ne, in sayar da akuya? Ba zai kwanta da nauyi ba."

"Mama, wannan ba ya bin mutum kabari."

"Ikon Allah! To, ina yake zuwa?"

Can cikin ɗaki, jaririyata 'yar kwana uku ta callara kuka.

Mama ta kasa kunne, ta gyaɗa kai a hankali.

"Ku zuba ƙasa," in ji ta. "Mai biya ta amsa."