Sunan da Ke Gefen Layi na Arba'in da Takwas

Da ƙarfe goma na safiyar Litinin Remilekun ta buɗe siga biyu na manhajar gefe da gefe, ta watan jiya da ta wannan watan. Abin da aka cire ya fito ja, abin da aka ƙara ya fito kore. Fayil ɗari biyu da goma sha ɗaya ne suka sauya. A bakin allon kwamfutarta har yanzu akwai ledar da masu gyara suka bari lokacin da suka sa sabon gilashi. Ba ta ɓare ta ba.

Aikin manhajar guda ɗaya ne. Idan asibiti ya buƙaci jini da gaggawa, sai ta aika saƙo ga duk mai ba da jini da ke cikin kilomita ashirin. Kwana goma sha tara saƙon bai wuce kilomita biyu ba, kuma babu wanda ya lura a ofishinsu na Yaba, sai da wata mata ta rasu wajen haihuwa a Ikorodu, ana jiran jinin da ba a kira kowa ya kawo ba. Sunanta Yewande. Matar Folarin ce, wanda teburinsa ke manne da na Remilekun.

Folarin bai taɓa fashin raka matarsa awon ciki ba. Duk Alhamis da hantsi yakan miƙe ya bar komai a tebur yadda yake, abokan aiki suna bin sa da tsiya: "Oga Fola, kai ne mai cikin ko madam?" Yanzu kujerarsa ta yi mako biyu babu kowa, kuma babu mai kallon wajen.

Oga Bankole, shugaban kamfanin, ya tsaya a kanta yana juya makullin mota.

"Remi ƙanwata, ƙarfe biyu manya za su zauna. Ba labari suke so ba, suna suke so. Ki tambayi kundi. Kundi ba ya ƙarya."

Kundin shi ne abin alfaharinsu. Duk wanda ya taɓa ko da harafi ɗaya a manhajar, sai kundin ya rubuta sunansa da rana da sa'a, da ɗan bayanin da mutumin ya bari. Ma'aikata suna kiran sa magulmaci.

Remilekun ba ta bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya ba. Guda ta buɗe, ta gangara layi na arba'in da takwas. Layin adadin kilomita ne: ashirin ta fito ja, biyu ta fito kore. Bayanin gajere ne: "Gwaji ne, zan mayar." A gefe an rubuta Folarin Adeyemo, Alhamis, sha ɗaya da minti ashirin na safe.

Oga Bankole ya sunkuya ya karanta, ya dafe kai.

"Allah Sarki! Da hannunsa?" Sannan kafaɗunsa suka sauka. "To, ai ta kwana gidan sauƙi. Wanda ya jawo wa kansa ba zai kai mu kotu ba. Rubuta, ki sa hannu."

Bai ambaci cewa dokar ofishin ita ce kada sauyi ya shiga sai mutum na biyu ya duba ba. Bai ambaci cewa shi ne ya ɗage dokar a wancan makon don siga ta fita da wuri ba. Kundi ba ya rubuta umarnin da aka bayar da baki.

Da azahar mai abinci ta kawo mata amala da miyar ewedu. Ta ajiye kwanon a gefe. Wayarta ta yi ƙara, ta ga sunan Folarin. A bayan muryarsa jaririyar da Yewande ta bari tana kuka, irin kukan da ya daɗe ana yi.

"Sista Remi, na buɗe kundin daga gida. Na gani."

Ta mayar da wayar ɗaya kunnen, shi kuma ya ci gaba.

"Wallahi na yi tunani har kaina ya yi ciwo, ban tuna na rubuta ba. Amma kin san yadda makon nan ya kasance, sauyi ashirin a rana. Ga sunana kuma." Ya ja numfashi. "Duk ofishin nan babu wanda ya kai ki karanta kundi. Don Allah, ko akwai wani abu da ban gani ba? Ina so in san abin da zan gaya wa yarinyar nan idan ta girma."

Remilekun ta kalli ja da koren da ke gabanta. Ba ta ji komai a ƙirjinta ba, kamar yadda ba ta ji komai ba ranar jana'iza, kamar yadda ba ta ji ɗanɗanon abinci ba tun daga ranar.

"Abin da ka gani, shi na gani," ta ce.

"Na gode," in ji shi, ya kashe.

Rahoton bai cika shafi ɗaya ba. Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a cikinsa: lambar layi, suna, rana, sa'a. Ta sa hannu, ta kai. Oga Bankole ya karanta a tsaye, ya jinjina kai.

"Fayil ɗari biyu, kika gano cikin minti biyar! Ke dai mayya ce a aikin nan."

Ta koma ta zauna kusa da kujerar da babu kowa. Amalar ta sandare a kwano.

Gaskiya ne, kundi ba ya ƙarya. Sunan da aka saita a kwamfuta yake rubutawa, bai san hannun da ke kanta ba. Remilekun ta sa farce ta fara ɓare ledar nan a hankali, ledar da kwamfutarta ta dawo da ita daga wurin gyara da yammacin wannan Alhamis ɗin, ranar da ta wuni babu kwamfuta, ta jawo ta Folarin da ya bari a buɗe don ta yi ɗan gwaji.