Hannun Baba a Kan Takarda

Auta ce ta riƙe masa biron. Ta ɗora yatsunta a kan nasa, ta ja hannun a hankali bisa layin da aka yi wa alama da fensir. Baba bai tambayi ko takardar mece ce ba. Shekara tara ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, kuma tun daga lokacin takardu ke kai-komo a ɗakin nan: na asibiti, na fansho, na banki, da waɗanda wani tsohon abokinsa kan kawo a farko-farko. Wanda aka miƙa wa ya sa hannu kawai, ba mai karantawa.

"Ta asibiti ce, Baba," in ji ta, idonta a ƙasa.

Ƙarya take yi. Takardar wakilci ce, wadda za ta ba ta ikon sayar da gidan da yake kwance a ciki. Maƙwabciyarsu ta sa hannun shaida a tsaye a bakin ƙofa, tana saurin tafiya aiki.

Kafin a zage ta, a ji nata ɓangaren. Yayyenta uku ne maza, kowa da garinsa. Sai ƙarshen mako su bugo waya, su tambayi jiki, su ba da shawarar magani kamar likitoci, su kashe. Ita ke juya shi, ita ke wanke zanen gado, ita ta rufe shagon ɗinkinta. Ranar da suka zo dubiya ta ji babban yayan yana ce wa mai bi masa unguwar ta yi daraja, suna auna tsakar gidan da ido, tsohon yana numfashi a ɗaki. Nan ta ƙudura: za ta sayar, ta sayi ƙaramin gida da sunanta kusa da asibiti, ta ɗauke mahaifinta. In ya so su zo su raba iska.

Lauyar da dillali ya haɗa ta da ita dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da hanzari ko kaɗan. Ta jero tambayoyinta tana rubutawa. Mai gidan yana cikin hayyacinsa? Ya san za a sayar? An taɓa jinginar da gidan? Akwai rigimar iyaka da maƙwabta? Auta ta amsa duka daidai, ban da guda ɗaya: ta ce ya san za a sayar. Da aka zo kan takardar mallaka ta asali, ta ce ta birkice akwatin Baba kaf, tsohon kwafi kawai ta samu. Lauya ta ce ba damuwa, dama sai an yi bincike a ofishin filaye kafin mai saye ya biya ko sisi, kuma abin kan ɗauki mako uku.

Makonnin nan uku sun fi mata shekaru taran nauyi.

Mai sayen, wani likitan haƙori, ya zo da matarsa ganin gida. Auta ta ce wa Baba masu duba wayar lantarki ne. Ya ɗaga musu hannunsa mai lafiya, ya ce ta ba baƙi ruwa. Matar tana leƙa ɗakinsa tana raɗa wa mijin cewa nan zai yi kyau da ɗakin yara. Wallahi Auta ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Shi kuwa tsohon, sai ƙara laushi yake yi. Ya tambaye ta ko za ta yarda a sare reshen bishiyar da ke tare masa haske. Ya ce ɗakin baya yana yoyo, ta gyara kafin ruwa ya sauko kada ta yi asara. Haka ya daɗe yana yi, komai sai ya nemi izininta, kuma a da takan yi dariya ta ce ciwo ya mai da Baba baƙo a gidansa. Yanzu dariyar ba ta fitowa. Abinci ya daina shigar mata. Ya lura, ya ce ta rame, ya tura mata rabin nasa. Ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada ya ji kukanta.

Ranar da mako na uku ya cika, lauya ta bugo. Ta ce magana ce a kan takardar wakilcin, ba ta waya ba ce, ta zo da kanta.

Auta ta tafi ofishin lauyar. Ko zama ba ta gama yi ba ta zazzage komai: ita ta ja masa hannu, ta ce masa ta asibiti ce, bai san komai ba. Ta ce a fasa cinikin, a yi mata duk hukuncin da ya dace, amma don Allah kada maganar ta kai kunnensa.

Lauya ta cire tabarau.

"Ba don wannan na kira ki ba, ƙanwata. Takardar ba ta da amfani ko da shi ya rubuta da kansa. Mahaifinki ba shi da gidan da zai sayar."

Tunanin Auta ya tafi wuri ɗaya. Yayyen sun riga ta ke nan?

Lauya ta turo mata kwafin da aka samo daga ofishin filaye, ta ɗora yatsa a ƙasan shafin. Sa hannu biyu ne. Na sama karkatacce, na mutumin da ya koma rubutu da hagu. Na ƙasa an yi shi a gurguje, kuma Auta ta gane nata ne tun kafin ta karanta sunan.

"Shekara takwas ke nan da ya yi miki kyautar gidan nan."