Lemon Uzodinma

Jar ƙasar da ke manne a takalmin Chukwuka ba ta Sabon Gari ba ce. Martina ta san ƙasa, don shekara goma sha biyu ke nan tana rainon dashe a wani gandun tsirrai a Samaru. Wannan ƙasar ƙauyen Bomo ce.

Duk Lahadi, ana tashi daga coci, mijin nata zai ɗaure jarkar ruwa a babur, ya ce zai ga kwastoma. Mai sayar da kayan gyaran mota, ran Lahadi, da jarka! Ya kuma dawo fuska a sake, har da 'yar waƙa. Mutumin da ko ranar da suka binne jaririyarsu 'yar kwana shida, shekara bakwai da suka wuce, bai zubar da hawaye ba, bai kuma sake ambatonta ba, wai shi ne yake da wurin da ransa ke sanyi. Kishi ya hana Martina sakat.

Wata Lahadi ta bi shi. Ba gidan kowa ya shiga ba. A gefen wata gona ya tsugunna gaban bishiyar lemo, ya zuba mata ruwa, ya shafa gindinta, yana magana ƙasa-ƙasa da yarensu wanda ita ba ta ji, da muryar da rabon Martina da jin ta har ta manta. Suna ɗaya ta tsinta: Uzodinma.

Da ya tafi, ta samu mai gonar, dattijo Ɗanmalam, yana nesa-nesa da wata tsamiya. Ta tambaye shi zancen mutumin nan da lemonsa.

"Mu tsamiya muke ba girma, saboda masu gidan da ke cikinta," in ji shi. "Su mutanensa kuwa, 'yata, in kin ga mutum na hira da itace, to akwai wani nasa a jikinsa. Bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba."

Wani nasa! Martina ta dubi kaurin lemon da idon sana'a: shekara bakwai. Wato lokacin da take kwance tana kukan 'yarta, shi yana nan yana dasa wa wata mata bishiya.

Mai rainon itace ai ta san makasarsa. Ran Talata da hantsi ta dawo da wuƙar auren dashe, ta ɗaye ɓawon ta zagaye gindin, ta mayar da ƙasa ta rufe.

Kafin damina ta sauka, ganye ya yi rawaya ya zube. Ranar da Chukwuka ya gani, ya shigo gida, ya zauna daɓas a ƙasa, ya fashe da kuka. Karon farko ke nan da ta ga hawayensa, kuma ba dominta ba. Zuciyarta ta tafasa.

"Kuka kake saboda ita? Ni na kashe lemon! Wace ce Uzodinmar?"



"A garinmu, in cibiyar jariri ta faɗi, binne ta ake a dasa itace a kai, su girma tare," ya ce a hankali. "Na yi shiru ne don kar in fama miki ciwo. Uzodinma shi ne sunan da na ajiye wa 'yarmu, da ta kai ranar suna."