Ƙafar Maɗori

Tunda ka ce daurewa ba ta da wuya, bari in ba ka misali da wani maɗori da aka yi a wani gari. Ɗori gadon gidansu ne, kuma a faɗi gaskiya hannunsa na da albarka. In aka kawo masa wanda ya bugu a ƙafa, ba ya yawan tambaya, babban yatsansa ne ke tambaya. Zai bi ƙwauri da shi a hankali har ya sauka kan idon sawu. In ciwon a nama yake, ƙasa da ƙashin, sai ya ce targaɗe ne, ya murza da man shanu ya sallami mutum. In kuwa ya danna kan ƙashin mutum ya zabura, ya kuma ji ƙashi na gugar ɗan'uwansa a ƙarƙashin fata, to karaya ce. Sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a kira ƙarti su danne mai ciwo, shi kuma ya kama dunduniya ya ja har ƙashi ya koma mazauninsa, ya jera kara ya ɗaure, ya yi tofi. Aibinsa guda ne, bakinsa. Bai taɓa ce wa mai ciwo sannu ba. Ƙato ya yi ihu, sai ya ce a kawo masa zane da ɗankwali. Tsoho ya roƙe shi ya sassauta, sai ya ce ƙashi ba ya jin lallashi. Washegari kuma a majalisa ya kwaikwayi kukan kowa, har da muryar da mutum ya kira uwarsa da ita. Ana dariya ana ƙullace da shi, amma ina mutane za su kai ƙafafunsu?

Ran nan da kaka ya ɗauko damin dawa daga gona, ƙafarsa ta dama ta zurma ramin gafiya, nauyin damin ya murɗe shi ya faɗi. Kafin jama'a su iso ya riga ya sa yatsan nan nasa a wurin, yatsan kuwa bai yi masa ƙarya ba. Ya ji gugar nan da ya sani. Take tabarmar ƙofar gida ta faɗo masa a rai, da ƙartin da zai ga fuskokinsu a kansa, waɗanda kusan duk ya taɓa kwaikwayon kukansu. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai san yana da shi ba. Da aka tambaye shi, sai ya yi murmushin yaƙe ya ce ɗan targaɗe ne. Wa zai yi musu da maɗori a kan ƙashi? Matarsa ce kaɗai ta ga yadda ƙafar ta haye kamar tulu, ta ce a aika wa ƙaninsa da ke ƙauyen gaba, wanda suka koyi ɗori tare a hannun ubansu. Ya daka mata tsawa. Ai matsalar ke nan, ya san hannun ƙanin nasa, irin nasa ne sak. Ya kwanta a ɗaka yana shafa man shanu, yana cizon bakin bargo don kada maƙwabta su ji nishinsa.

Ƙashi kuwa ba ya jiran mai shi ya yi shawara. Ya kama, amma a karkace. Da ƙanin ya samu labari ya zo, ya taɓa wurin. Sai ya ce abu biyu ne suka rage, ko ya sake karya ƙafar ya gyara, ko a kai shi asibitin birni a yi hoto a yi masa aiki. Maɗori ya dubi hannuwan ƙaninsa ya ce ƙaddara ce, a bar wa Allah. Haka ya sa sunan Allah ya rufe tsoronsa, ya tashi da tafin ƙafa na kallon gefe, yana jan ta tana share ƙasa.

'Yan gari kuwa sai suka daina zuwa wurinsa ɗori. Wata rana baƙi suka iso daga nesa da amalanke, wani mutum ya kawo yayansa da saniya ta taka wa ƙafa, sun biyo sunan da suka daɗe suna ji. Maɗori ya fito da murna yana naɗe hannun riga. Baƙon ya gaishe shi, idonsa ya sauka ƙasa ya daɗe a can.

"Baba, maɗorin yana ciki?"

"Ni ne."

"To wannan fa, wa ya ɗora maka?"

Ya buɗe baki, babu amsar da ba za ta kashe shi ba. In ya ce shi ne, ga aikin a fili. In ya ce ba a ɗora ba, sai a tambaye shi dalili. Baƙon ya ce Allah ya ƙara sauƙi, sannan cikin ladabi ya tambaye shi ko akwai wani maɗorin a kusa. Da hannun nan da ya miƙar da ƙafafun rabin garin ya nuna musu hanyar ƙauyen ƙaninsa, ya tsaya yana kallon amalanken har ta sha kwana.

Ka ji abin da ya sa Hausawa suka ce wanzami ba ya son jarfa.