Tasoshina a Goshin Fijo

A bakin kasuwa na gane tasoshina a goshin tsohuwar Fijo ta ɗan ƙanena. Gadon uwata ne, ko tuwo ban taɓa bari sun gani ba. Ya kai su Kankiya an huda gindinsu, an cusa ƙwan fitila, an ɗaure a ragar gaban motar. Wai shekarar ƙarin albashin Udoji ce, zamani ya zo!

Na tasa shi gaba da motar har ƙofar maigarinmu.

"Ranka ya daɗe, dube su. Sata ce, a bi mani hakkina!"

Maigari ya sa aka kunna. Ya sunkuya, ya shafa, ya daɗe yana girgiza kai. Na ce yau yaro ya shiga uku.

Sai ya ɗago, ya rage murya.

"Inna, da saura a ɗaki? Tawa motar na nan tafe."